Baba Babirki da Jikar da Ba Ta Magana

Idan ka turo kekenka ka shigo layin masu gyara, kada ka wahalar da kanka wajen shirya bayani. Tun kana daidai famfon unguwa Baba Babirki ya riga ya ji ka.

"Kai mai jan keke! Boris ɗin cikin tayar baya ne ya farfashe. Kawo shi nan."

"A'a Baba, ai dama..."

"Dama sarƙa ke zamewa, na sani, amma ba laifinta ba ne. Jingine shi. Wa ya ɗaure maka feda da waya? Kar ka faɗa, na gane hannunsa, Allah ya shirye shi. Zauna. Kai ba ɗan mai katako ba ne? Ya ƙafar babanka? Ta yi sauƙi, jiya na gan shi."

Haka yake tun da muka san shi. Shi zai yi tambaya, shi zai ba da amsa, kai naka gyaɗa kai. Abin haushin kuma, a kan keke da wuya ya yi kuskure. Mai askin da rumfarsa ke jikin tasa ne ya laƙaba masa sunan, wai mutumin da ya gyara birkin kowa a garin nan ya manta bai sa wa bakinsa ba. Da farko Baba ya yi faɗa, daga baya da ya ga suna ya bi shi har gida sai ya haƙura yana amsawa.

Ya fara sana'ar yana ɗan yaro, yana hura taya a rumfar wani tsoho kurma. Shi ke sauraron masu keke ya yi wa maigidan nuni da hannu, shi kuma ke mayar musu da amsa. Tun daga nan bakinsa ya saba da yin aikin mutum biyu. Da tsohon ya rasu sai ya gaji rumfar da komatsanta: tsofaffin tayoyi a rataye, daro mai baƙin ruwa na neman huji, gwangwanin madara cike da noti, da benci mai gajeriyar ƙafa da ake tokarewa da bulo. Da wannan rumfar ya yi aure, da ita ya ciyar da 'ya'ya, a cikinta kuma aka zo aka gaya masa matarsa ta cika. Mai aski yakan ce baiwar Allah ta tafi da rabin magana a baki, tana jiran Baba ya numfasa ta ƙarasa. Baba kan jefe shi da tsohuwar bawul, amma ba ya musawa.

'Ya'yan sun watse neman abinci, saura 'yar autarsa da ke zaune a gidajen hayar bayan layin, inda kowane iyali ke da ɗaki ɗaya, kwata kuma ta ratsa tsakiya. A sashen wanki na wani asibiti take aiki, fita da sassafe, dawowa da yamma liƙis. Mijinta ya tafi wani gari neman aiki, sai waya jefi-jefi. Don haka tun da ta yaye 'yarta take sauke ta a rumfar Baba kafin ta wuce.

Ƙararrawa ake ce wa yarinyar, saboda tana jaririya kukanta har bakin titi ake ji. Ta fara 'yan kalmomi kamar kowane yaro, "mama", "ruwa", sai kuma abin ya tsaya cak. Ta doshi shekara biyar ba ta cewa komai. Uwar ta kai ta an duba, aka ce kunne lafiya, harshe lafiya, a dai riƙa yi mata hira.

"Hira?" in ji Baba. "To ai an kawo ta inda ake haƙo ta."

Kuma gaskiya ne, babu yaron da ya sha hira a unguwar nan kamar Ƙararrawa. Tana zaune a kan tsohon sirdin keke da ya kafa mata a jikin ginshiƙi, yana gaya mata sunan kowace sifana, da laifin kowane mai keke, da tarihin kowane huji. Ya karance ta tsaf kamar yadda ya karanci ƙarar boris. Idan ta taɓa leɓe, kafin ta sauke hannu kofin ruwa na gabanta. Idan ta murɗa gefen riga ya san bayan rumfa za a zaga. Idan ta kalli tiren mai ayaba, ya riga ya kira ta. Da wannan yake tinƙaho a layin.

"Me za ta yi da magana? Ni ne bakinta. Ko uwarta sai ta tambaye ni abin da take nufi."

A ransa kuwa akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, ko da yake duk layin an sani. Yana jiran ranar da bakin zai buɗe, kuma ya riga ya yanke cewa kalmar farko tasa ce. "Kaka." Wa kuma za ta kira in ba shi ba?

Wata safiya 'yar tasa ta tsaya a bakin rumfa da jakar aikinta a kafaɗa.

"Baba, na yi wa Ƙararrawa magana a ɗakin yaran nan na tsohon sito. Gobe za ta fara zuwa."

"Wane ɗakin yara?"

"Wanda matan unguwa suka buɗe. Kyauta ne. Wasa ake yi da su, da waƙa, da hira. Baɗi za ta shiga makaranta, kuma malamin makaranta ba zai tsaya karanta gefen rigarta ba."

"Nan ba wasa take yi ba? Nan ba hira muke yi ba?"

"Kai kake hira, Baba."

"Wa ke kula da su a can?"

"'Yar mai gawayi. Wata ƙungiya ta tura ta ta koyo aikin. Anti yaran ke ce mata."

Baba ya ajiye sifana. "'Yar mai gawayi? Wadda na ciro wa tsakuwa daga hanci da sifok ɗin taya? Ita ce yau Anti?"

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu. "Sai ka yi hattara, Baba. Ɗan da ka goya shi ke rufe maka ido wata rana."

Tsohon siton yana tsallaken babban titi, yaro ba zai iya zuwa shi kaɗai ba, uwar kuma ta riga ta fita kafin a buɗe. Dole kai da ɗauko suka faɗo kan Baba. Washegari ya ɗora jikarsa a gaban kekensa ya kai ta, ya miƙa ta a ƙofa, sannan ya zagaya ya tsaya ta taga don ya ga irin abin da ake yi da har ya fi rumfarsa.

Bai ga wani abin kirki ba. Tabarmi ne a shimfiɗe, da robobi cike da murafen kwalba kala-kala, da kwalayen sabulu da aka mayar motoci. An kafa madubi ƙasa-ƙasa daidai tsayin yara. A bango an zana fuskoki da alli, mai dariya, mai kuka, mai fushi, mai tsoro, kowane yaro in ya shigo sai ya je ya tsaya ƙarƙashin wadda ta yi kama da zuciyarsa a ranar, Anti ta durƙusa ta tambaye shi dalili. 'Ya'yan masu dako da masu shara da masu talla, wasu ko takalmi babu, ana ta tambayarsu abin da ya ɓata musu rai kamar wasu manya.

Can ya ga Ƙararrawa ta nuna robar jajayen murafe. Anti ta ɗauko shuɗaye ta miƙa mata.

"Waɗannan?"

Yarinyar ta girgiza kai, ta sake nunawa. Anti ta ɗauko kwalin sabulu.

"Wannan?"

Sai ta zauna ta karkata kai tana kallon yarinyar, ba ta ƙara cewa komai ba. Shirun ya yi tsawo har Baba ya ji kamar ana tsira masa allura.

"Ja take so!" ya daka tsawa ta taga. "Jajayen can! Haba, ke ba ki gani ne?"

Yara suka firgita, wani ya fashe da kuka. Anti ta fito ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba, na gani."

"To me kike jira?"

"Ita nake jira. Don Allah ka je ka huta, in an tashi sai ka dawo."

Ya koma rumfa yana huci. "Kore ni ta yi! Yarinyar da ba ta da kai. A nuna mata ja ta ɗauko shuɗi. Wannan ko famfon hura taya ba zan ba ta ta riƙe min ba. Ku bar su, za su dawo min da abata da kansu."

Ba a dawo masa da ita ba. Makonni suka shuɗe, yana kaiwa yana ɗaukowa, har wata yamma 'yarsa ta shigo layin da gudu, mayafi a hannu, tana dariya tana hawaye.

"Baba! Ta yi magana! Yanzu na gamu da Anti a hanya. Yau ta yi magana!"

Baba ya miƙe har ya ture daron ruwa. Ya juya ya kalli jikarsa da ke kan sirdinta tana wasa da noti, wadda ya ɗauko ɗazu da kansa, ta zauna a gabansa duk tsawon hanya ba ta ce masa uffan ba.

"Me ta ce?"

"Ta ce, 'Anti, ba shi ba.'"

"Anti?"

"Eh! Ta ba ta abin da ba shi take so ba, sai kawai..."

"Da bakinta ta ce Anti?"

"Baba, ka ji ni kuwa? Magana ta yi!"

"Na ji. Alhamdu lillahi. Madalla." Ya sunkuya yana tsince bawul daga cikin taɓo, ya daɗe bai ɗago ba.

"Barka, Baba," in ji mai aski. "An rage maka aiki."

A ranar mai aski ko jifan bawul bai samu ba.

Daga nan layin ya ga abin da bai taɓa gani ba. Baba Babirki ya bi masu sayar da lemo yana roƙon murafen kwalba. Ya sayo fenti ya shafe notinsa ja da shuɗi da kore. Ya ƙera mota da sifok da tsohon tib, wadda ta fi kwalin sabulu sau dubu, har tana juya tayoyi. In yarinyar ta dawo sai ya durƙusa a gabanta, gwiwoyinsa na ƙara.

"Ce Kaka. Ka-ka. Ai ba wuya, ya fi Anti sauƙi. Ce mana. Kin gaji ko? Ta gaji. Sun gajiyar min da ita. Ƙishi kike ji, ga ruwa. Motar kike so? Ga ta. Waye ya yi miki? Kaka ne. Yauwa."

Ita kuwa sai ta karɓi motar ta ajiye, ta jera sifanu a ƙasa daga babba zuwa ƙarama, ta zauna a gabansu ta karkata kai tana jira. Karkata kan ya fi komai ƙona masa rai. Ba nasa ba ne, ba na uwarta ba ne, na 'yar mai gawayi ne aka kwaso aka kawo masa har cikin rumfa.

Wata rana ya je ɗauko ta da wuri, ya jingine keke a bayan siton ya raɓe jikin bango. A cikin hayaniyar yaran ya ji wata murya da bai sani ba, 'yar siririya mai ɗan dishi-dishi, tana tafiya a hankali kamar mai koyon tuƙi.

"Motar... ta tafi... asibiti."

"Wa za ta ɗauko?" in ji Anti.

Aka yi shiru mai tsawo. Baba ya san amsar, ta zo masa har bakin haƙori.

"Mama."

Kunnen da ya gane ciwon kekunan gari bai gane muryar jikarsa ba sai da ya leƙa. Ya tsaya riƙe da ƙarfen tagar. Ita ma ta ɗago ta gan shi. Ta yi masa murmushi, ta rufe baki, ta taɓa leɓe. Da shi ai ba sai an wahala ba.

Washegari da safe, bayan uwar ta sauke ta ta wuce, Baba ya jawo kekensa ya tsuguna kamar mai duba sarƙa, ya sa farce ya danne bawul. Iska ta fita da dogon tsaki.

"Ash! Kin gani? Taya ta sace. Yau babu zuwa."

Ƙararrawa ta ruga ta jawo famfo da hannu biyu ta kawo masa.

"A'a, huji ne babba, sai an ciro tib. Ga aiki ya yi min yawa. Zauna nan, yau ni ne Anti."

Rana ta biyu sarƙa ce ta tsinke. Ta uku birki ne ba ya ci, ba zai hau titi da yarinya a haka ba. In uwar ta zo da yamma shi ke tarar ta da labari tun daga nesa, ba ta samun inda za ta sa tambaya, yarinyar kuma ba mai kai ƙara ba ce.

"Ikon Allah," in ji mai aski yana wasa aska. "Likitan kekuna, nasa ya fi na kowa jinya. Ko in ara maka nawa?"

"Ka ji da kan mutane."

"Ina ji da su. Naka ne na ga yana hayaƙi. Tsoho da kai kana kishi da yarinyar da a haife ka haifi ubanta."

"Kishi? Ni? Da wa?"

Amma rumfar ta canja. Ƙararrawa ta juya sirdinta baya, ta fuskanci tayoyin da ke rataye. Ta daina taɓa leɓe, ta daina kallon mai ayaba. Ya miƙa ruwa ba ta karɓa ba. Ya tura mata mota ta tsaya a jikin ƙafarta har yamma. Yana ta surutu, amma yanzu maganar dukan bayanta take yi ta dawo masa. Ya ce wa mai aski ya rasa gane abin da take so. Ƙarya yake yi. Ya sani sarai, abin da ba ya son sani ne.

Ana cikin haka Anti ta zo da kanta bayan an tashi yara. Tun kafin ta gama sallama yarinyar ta diro ta ƙanƙame zanenta, ta cusa fuska a ciki. Baba ya kalli wannan ƙanƙamewar ya kau da kai.

"Baba, na ga shiru ne na ce ko ba ta da lafiya."

"Keke ne ba lafiya."

Anti ta kalli keken, ta kalli famfon da ke jingine kusa da shi, ba ta ce komai ba. Wannan shirun nata ne dai da ya tsana.

"Ni fa ban ga abin da kike yi mata da ban yi ba," ya ce. "Ni na yi mata hira tun ba ta da haƙori."

"Ai shi ya sa take da abin faɗa, Baba. Ta san babba da ƙarami, ta san abin da ke juyawa da abin da ba ya juyawa, ranar nan har 'boris' ta ce min, ni ban ma san shi ba. Cikinta cike yake da maganarka. Ƙofar fita ce ba ta samu ba."

Ya ɗan saki fuska, sai kuma ya tuna da wa yake magana ya sake ɗaurewa.

"Ba wai tambaya nake ba. Amma ke ya kike yi?"

"In na tambaye ta sai in ciji harshena in jira. Wani lokaci in yi kamar ban gane ba."

"Ki mai da kanki wawuya."

"Sosai ma."

"To ni tun da nake a layin nan ba a taɓa ganin na ɗauko abin da ba shi ba."

"Haka ne, Baba," ta ce, ta ɓamɓare hannun yarinyar a hankali, ta yi sallama.

Da yamma uwar ta zo, kuma daga tafiyarta ya san labari ya kai mata. Ya tare ta.

"Na san abin da za ki ce. Keken nan ne..."

"Baba."

"Kuma titin nan motoci sun yi yawa, ga rana, ga..."

"Baba, don girman Allah ka bar ni in ƙarasa magana ɗaya a gabanka kafin in mutu."

Mai aski ya kashe injinsa.

"Ka tuna lokacin da na gama firamare na zo nan na tsaya, na ce Baba ina so... Ka ce ka sani, takalmi nake so. Ka saya min takalmi mai kyau. Na sa, na yi godiya. Makaranta nake so in ci gaba, Baba. Ban sake samun inda zan faɗa ba."

"Ai da kin..."

"Da na me? Keke kake ji, ba mutum ba. Ni nawa ya wuce. Ita ba zan bari ba. Gobe dai zan kawo ta nan don ba ni da inda zan kai ta. Daga jibi maƙwabciyata za ta riƙa kai ta tare da nata, ta wuni a can gidan. Kai ka huta da jinyar keke."

Ta saɓi 'yarta ta tafi. Baba ya bi su da kallo har suka fice daga layin.

Da safe aka sauke yarinyar ba tare da doguwar gaisuwa ba. Ta hau sirdi ta ba shi baya. Baba ya yi ta kai-kawo, ya ɗauki wannan ya ajiye wancan. Ya gwada cizon harshe, ya ji zafi, magana ta zube ta gefe. Daga ƙarshe ya yi abin da kowane mai gyara ke yi in hannuwansa sun cika: ya ɗauki noti ya riƙe a tsakanin leɓɓansa. In ya buɗe baki zai faɗi, in ya yi gaggawa zai haɗiye.

Wani mai keke ya turo nasa ya tsaya yana jiran a gaya masa ciwonsa. Baba ya ɗaga masa gira.

"Baba, lafiya? To... ni dai ƙara nake ji a gaba."

"Mm."

Mutumin ya kalli mai aski. Mai aski ya ɗora yatsa a baki ya jawo shi ya zaunar a benci.

Shirun ya isa har wurin Ƙararrawa. Rumfar da ba ta taɓa yin shiru ba tun da aka haife ta. Ta waigo a hankali ta ga kakanta zaune a kan bulo, noti a baki, gumi na bin wuyansa. Ta kalli kekensa mai kwantacciyar taya. Ta kalli famfo. Ta ɗaga yatsa ta nuna.

Hannunsa ya tafi wurin famfon da kansa, kamar yadda ya saba. Ya tsayar da shi a hanya. Ya karkatar da shi ya ɗauko tsumman giris ya miƙa mata.

"Mm?"

Ta dube shi kamar ya zautu. Ta sake nunawa da ƙarfi. Ya ɗauko mazubin mai. A gaban mai aski, a gaban mai keke, a gaban mai ayaba da ta tsaya da tirenta, Baba Babirki ya ɗauko abin da ba shi ba. Yarinyar ta buga ƙafa. Ya zauna ya jira, ya ƙi karkata kai don kada a ce kwaikwayo yake. Wata babbar mota ta wuce a titi, ƙararta ta tafi ta ɓace. Ƙuda ya sauka a hancinsa bai kore shi ba.

"Kaka."

Notin ya yi rawa a bakinsa.

"Famfo. Hura... taya."

Notin ya faɗo ya gangara ƙarƙashin benci. "Kun ji? Kun ji ta? Allahu akbar! Ai na sani, dama tun jiya na ce yarinyar nan, famfo ko? Ga famfo, yanzun nan, ke dai so kike..."

"Kaka, tsaya."

Ya tsaya. Ya laluba cikin gwangwani ya ɗauki wani notin ya mayar baki. Ta daɗe tana nema, idonta a kan tayoyi, leɓɓanta na motsi. Ya san abin da za ta ce, ya san zai yi masa ciwo, ya bar ta ta ɗauko da kanta.

"Ka kai ni... wurin Anti."

Ya gyaɗa kai. Ya cire notin da yatsu biyu, ya yi tambaya ɗaya tak, da muryar da ba a san shi da ita ba.

"Ni fa?"

Ya mayar da notin. Ta dube shi sama da ƙasa, tana shawara.

"Ka zo. A waje. Ban da ihu."

Mai aski ya faɗa kan kujerar askinsa yana riƙe ciki. Mai ayaba ta ce a ba yarinyar nan guda kyauta. Baba bai kula su ba, ya jawo famfo ya maƙala a bawul, ya ce wa mai keke ya jira, akwai wanda ya riga shi. Yana hurawa yana share ido da kafaɗa, wai giris ne ya shiga. Sai da taya ta tashi ta yi tauri ya danna ta da babban yatsa, sannan ya juya wurin mai aski.

"Kai ne shaida in uwarta ta zo. Da bakinta ta ce ni zan kai ta, ba wata maƙwabciya ba. Kuma ka ji da kunnenka, Kaka ta fara cewa. Anti daga baya ta biyo."

"Baba, ai Anti tun watan jiya yarinyar ta kira sunanta."

"Wancan gwaji ne," in ji Baba. "Sabon birki ma ai a lungu ake fara gwada shi kafin a hau titi."